Audugar Zazzau da ba ta hau sikeli ba: littafin aikin kundina

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Yau Malam ya amince da batun da zan rubuta kundin kammala digiri a kansa, amma sai da ya rage masa tsawo sosai. Abin da na kai masa shi ne tarihin auduga a ƙasar Zazzau tun daga jihadi har zuwa 1986, shekarar da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ya karanta, ya ce wannan aikin mai digiri na uku ne, 'yar aji huɗu ba za ta gama shi ba. Ya ce in fara daga 1902 in tsaya a 1957. Farkon ya yi daidai ta fuska biyu: a 1902 Turawa suka shigo Zariya, a shekarar kuma masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta don neman audugar da ba ta Amurka ba. A 1957 kuma masaƙar Kaduna ta fara aiki, daga nan labarin ya zama wani daban.

Sannan ya ce in faɗa masa tambayata a jimla ɗaya. Ga yadda na faɗe ta: Turawa sun ja layin dogo har Kano a 1911 da zaton auduga za ta cika taragu, sai gyaɗa ta cika su, alhali mutanen ƙasar nan sun daɗe suna noman auduga, to ina audugar ta tafi? Ya ce, "To, je ki nemo ta."

Kuɗin da nake da su: Baba ya ba ni naira 40,000, Yaya ta yi alkawarin 25,000 ƙarshen wata, ni kuma ina da 18,000 na ribar turaren wuta. Litar fetur ta haura naira dubu, don haka kuɗin mota ne zai cinye mafi yawa.

Alhamis, 7 Nuwamba

Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim tun safe har la'asar. Na fara da bayanin Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, kan yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Ghat da Tarabulus. Abin da ya shafe ni shi ne cewa wannan saƙa da rini ba audugar Kano kaɗai suka dogara da ita ba, arewacin Zazzau ma yana ciyar da su.

A sashenmu na tarihi ba a barin ɗalibi ya ɗauki maganar Barth ya ajiye ta a matsayin hujja haka kawai. Tun muna aji biyu aka karantar da mu yadda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bi bayanin Barth a kan Katsina yana tambaya: wa ya faɗa masa, a gidan wa ya sauka, me ya gani da idonsa, me ya ji a bakin fatake. Wannan tarbiyya tun zamanin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen, take a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ita ce abin da na fi ƙauna a karatun nan. Mutanen gidanmu suna zaton haddar sunayen sarakuna muke yi.

Talata, 12 Nuwamba

Karatu kawai. Fotokwafi naira 1,800.

Juma'a, 15 Nuwamba

Na je ɗakin karatu na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru, wadda ta samo asali daga tashar gwajin noma ta 1922. Na samu bayani a kan irin audugar Amurka mai suna Allen da aka shigo da shi a 1912. Zarensa ya fi na audugarmu ta gargajiya tsawo, shi ya sa injinan masaƙun Lankasha ta Ingila suke son sa. Daga jikinsa ne masana a Samaru suka yi ta fitar da wasu ire-iren daga baya.

Wani abu da ke ta maimaituwa a rubuce-rubucen masana noma na wancan lokaci shi ne ƙorafin cewa manoma suna makara wajen shuka auduga. Su suna son a shuka a watan Yuni, manomi kuwa sai ya gama da gero da dawa, ya yi noman farko, sannan ya waiwayi auduga a Yuli. Ni ban ga abin mamaki a nan ba. Mutanen da suka ga yunwar 1913 zuwa 1914 da idonsu ba za su bar gonar hatsi ta cika da ciyawa su tafi shuka abin da ba a ci ba. Na rubuta wannan a gefe, zai shiga babi na uku.

Laraba, 20 Nuwamba

Kaduna. Mun fita daga Samaru da ƙanena bayan sallar asuba, motar ta lalace bayan mun wuce Jaji, muka zauna bakin titi har hantsi ya ɗaga kafin direba ya samo mana wata. Sai wajen azahar muka isa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, don haka yau rajista kawai na yi, na duba jerin fayilolin Lardin Zariya, waɗanda ake yi wa alamar ZARPROF, na cike takardar neman waɗanda nake so. Mun sauka a gidan Gwaggo. Kuɗin mota mu biyu, har da na Keke Napep, naira 7,400.

Juma'a, 22 Nuwamba

Jiya da yau ina cikin fayiloli. Takardun sun haura shekara ɗari, dole a juya su a hankali, kuma rubutun hannun wasu Di'o-Di'o sai an saba da shi. Wani ma'aikaci dattijo ya nuna mini yadda ake gane bayanin da Razdan ya ƙara a gefen shafi da na mai rahoton kansa, Allah ya saka masa da alheri.

Iri biyu na karanta: rahoton shekara na lardi, da rahoton ƙiyasin haraji na gundumomi. Na farkon yana kawo adadin audugar da aka sayar wa kamfani, wato BCGA. Nan ne na fara ganin bakin zaren. Adadin nan ba na audugar da aka noma ba ne, na wadda ta hau sikelin kamfani ne kurum. Idan adadin ya faɗi, mai rahoto ya kan ɗora laifin a kan damina ko a kan halin manoma. Amma a wasu wuraren su da kansu suna faɗin gaskiyar magana, cewa masu sayen auduga don saƙar gida suna biyan abin da ya fi na kamfani. A farkon al'amari BCGA kwabo ɗaya take biya a kan laba ɗaya ta auduga mai angurya, farashin kuma daga Ingila yake zuwa, domin sai an cire kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa. Falken da zai kai auduga ƙasar Kano a kan jaki ba shi da wannan lissafin. Manomin da ya sayar masa bai ƙi ci gaba ba, ya san kasuwarsa ne.

Haka kuma labarin gyaɗa yake. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913, ba tare da wani ya tilasta wa kowa ba. Mutanen da aka ce ba sa amsa kiran kasuwa su ne suka yi wannan a damina ɗaya.

Rahoton ƙiyasin haraji ya fi daɗin karatu. Bature ya kan zaga gunduma ya ƙirga magidanta, ya jera masu sana'a: masaƙa, marina, maƙera, majema, mahauta, ya ƙiyasta abin da kowa ke samu. Amma mata masu kaɗi, in ma an ambace su, layi ɗaya ne na ƙiyasi, domin mai rahoton bai taɓa wuce zaure ba. Alhali duk zaren da masaƙan nan suka saƙa daga hannun mata ya fito. Ke nan babbar mai sayen auduga a ƙasar nan tana cikin gida, kuma ita ce ba ta cikin fayil.

Na ɗauki hoton shafuka masu yawa da waya bayan an ba ni izini.

Asabar, 23 Nuwamba

Mun dawo Zariya. Ban samu shiga cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa ba, sai wani zuwan. Kaduna ta ci naira 21,000 gaba ɗaya.

Talata, 3 Disamba

Na nuna wa Malam abin da na samo. Ya ji daɗi, amma ya taka mini birki. Ya ce idan na tsaya a kan cewa saƙar gida ta fi ƙarfin kamfani, me zan ce game da abin da ya biyo baya? Domin daga shekarun 1920 audugar Allen ta bazu, an kai layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, an kafa injinan gurza a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, auduga kuma ta riƙa fita da yawa. Ya ce kada in so mutanena har in rufe ido ga abin da ya same su.

Gaskiyarsa ne. Amsar da nake gani tana cikin haraji. Kafin Turawa akwai kuɗin garma da kuɗin karofi a Zazzau, ana biya da wuri. Da aka kashe wuri aka ce sai kuɗin Bature, kuma lokacin karɓar haraji ya faɗo daidai kakar auduga, sai kasuwar kamfani ta zama hanya mafi kusa ta samun sulallan da dagaci ke jira. Ga kuma En'e da hakimai da aka ɗora wa raba iri da matsa wa mutane su shuka. Sai na koma fayil in ga yadda waɗannan biyun suka haɗu, shekara da shekara.

Ya kuma gargaɗe ni a kan hirar baka. Tsohuwar da ta kai tamanin da biyar yau an haife ta ne wajen 1940. Ba ta ga 1912 ba. Abin da ta gani shi ne ƙarshen zamanin da nake bincike, sauran kuwa ji ta yi daga uwa da kaka, kuma dole kundin ya bambanta su.

Asabar, 14 Disamba

Hira ta farko, a wani ƙauye kusa da Hunƙuyi inda dangin mahaifiyata suke. Na so in haɗa da ɓangaren Giwa, Baba ya ce ba da yawunsa ba saboda yanayin hanya, na haƙura. Kawu ya kai ni wurin mai unguwa muka gaisa, sannan matarsa ta shigar da ni wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Goro da sabulu naira 2,500.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta yi dariya, ta ce, "Kishiyata, yanzu kaɗi ne ya zama abin karatu a makaranta?" Na ce, "Iya, shi ne ma ba a rubuta ba." Ta aiki jikarta ta zaro wani tsohon kwando daga ƙarƙashin gado. Mazarinta na nan da gululunsa, da taskira, da guntun alli.

Ta bi mini aikin daki-daki. A fara gurza a kan dutse da ƙarfen magurji a fitar da angurya, a yi shiɓa da baka har audugar ta tashi, a naɗe ta sutu, sannan a zauna kaɗi. Zare iri biyu ne, siriri mai ƙarfi na tsaye, da abawa mai kauri. Ta ce mace takan yi kaɗi da hantsi bayan an gama aikin gida, da dare kuma a gaban fitilar aci-bal-bal, ranar kasuwa a ba yarinya ko wata tsohuwa ta kai zaren. Da kuɗin zare ta sayi akuyarta ta farko, da shi ta tara wa 'yarta tasoshi.

Na tambaye ta inda take samun audugar. Ta ce daga gonar mai gida, kuma saya take yi, ba kyauta ba. Ta ce kafin a kai auduga kasuwa wurin malamin auduga, sai an fara cire ta matan gida da ta maƙwabta, kuma mai kyau ake cirewa. Wannan magana ita na zo nema. Ban nuna mata zumuɗina ba don kada in sa mata magana a baki, na dai sake tambayar ta wata fuska can gaba, ta maimaita yadda ta faɗa.

Shekaru kuwa ba ta lissafa su da lamba. An yi mata aure Sarki Ja'afaru yana kan gado, ta yi haihuwar fari bayan zuwan Sarauniya Kaduna, ta daina kaɗin sayarwa bayan canjin kuɗi. Wato kafin 1959, bayan 1956, da kuma bayan 1973. Da waɗannan turaku uku zan ɗaure sauran maganarta.

Lahadi, 15 Disamba

Kawu ya kai ni wurin wani dattijo da ya yi saƙar fari tun yana yaro a gaban mahaifinsa. A zaure muka zauna. Numfashinsa ba ya kai masa, don haka ban ja hirar ba. Ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa cewa akoko da atamfa ba su kashe saƙa farat ɗaya ba, domin manomi ya fi yarda da ƙarkon saƙar gida, kuma gwado da luru ba su da madadi a lokacin sanyi. Ya ce in dawo bayan sati biyu zai sa a fito da ƙoshiyarsa da allerarsa, ya kuma lissafa mini garuruwan da suke kai sawaye rini.

Litinin, 16 Disamba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An zare mini waya a cunkoson tasha muna dawowa. Tana cikin jaka, jakar tana rataye a kafaɗata ƙarƙashin hijabi, sai da na zauna a mota na ga an tsaga gefenta da reza.

Abin da ya tafi: muryar Iya gaba ɗaya, muryar Baba masaƙi, da hotunan fayilolin Kaduna. Abin da ya tsira: littafin da nake rubutu a ciki lokacin hira, lambobin fayilolin da na rubuta da biro, da hotunan rana ta farko da na tura wa Yaya ta WhatsApp don ta ga irin rubutun. Na rahotannin ƙiyasin haraji, waɗanda su ne ƙashin bayan babi na biyu, babu ko ɗaya.

Na yi kuka sosai, ba don wayar ba. Da daddare na zauna na rubuta duk abin da nake tunawa daga bakin Iya tun yana da ɗumi a kaina, na sa alama a kan abin da ke cikin littafi tun a wurin da abin da na ƙara daga tuni, domin darajarsu a matsayin hujja ba ɗaya ba ce.

Alhamis, 26 Disamba

Hutu. Ba kuɗi, ba waya. Na rubuta babi na ɗaya da hannu.

Laraba, 8 Janairu 2025

Kawu ya aiko cewa Allah ya yi wa Baba masaƙi rasuwa ranar Lahadi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Hira ɗaya ce tsakanina da shi, shafi biyu a littafina. Garuruwan rinin da ya ce zai lissafa mini ya tafi da su. Na roƙi Kawu, idan an share makoki, ya tambayi 'ya'yansa ko za su bari in ɗauki hoton kayan saƙarsa.

Tun da na ji labarin nake tunanin yawan irinsa da ke ƙauyukan da ke kewaye da jami'ar nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ajin da muke zaune. Fayil zai jira ni shekara goma. Da za a bi shawarata, da tun aji biyu ake tura mu hira da tsofaffi, kowa a garinsu, a ajiye muryoyin a sashe.

Litinin, 20 Janairu

Yaya ta ba ni tsohuwar wayarta, an canja mata batir a kan naira 6,500. Ta ƙara mini 15,000. Yanzu duk abin da na ɗauka ina tura shi imel ɗina kafin in bar wurin.

Alhamis, 23 Janairu

Kaduna kuma. Da yake lambobin fayilolin suna hannuna, aikin ya yi sauri. Karatu na biyu ya fi na farko amfani, domin yanzu da tambayar Malam nake karantawa. Na lura da yadda maganar haraji da maganar auduga suke zuwa kusa da juna a rahotannin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yadda aka killace sayen audugar fitarwa a kasuwannin da hukuma ta amince da su, inda ake duba ta a ba ta daraja kafin awo, da dokar tuge karan auduga a ƙone bayan kaka saboda tsutsa. Kasuwar da aka kasa ci da farashi, an zagaye ta da doka.

Da rana na shiga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta jami'armu a 1970. Na duba kundayen da wasu suka rubuta kafin ni a kan tattalin arzikin lardin, na kuma samu abin da nake buƙata game da hukumar sayen auduga ta 1949 da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954. Wannan zuwan ya ci 16,800.

Asabar, 8 Fabrairu

Na koma wurin Iya. Na gaya mata abin da ya faru, ta ce, "Ɓarawo ya ɗauki waya, ai bai ɗauki bakina ba. Kunna." Ta kuma kira wata ƙawarta, suka riƙa gyara wa juna zance, wanda ya fi mini hira da mutum ɗaya. Sun saɓa a kan abu guda: Iya ta ce zaren kanti ne ya kashe musu kasuwa, ƙawarta ta ce masaƙan ne suka fara watsewa, samari suka tafi aikin masaƙa Kaduna. Zan kawo maganganun biyu yadda suke, ba zan zaɓar musu ba, tunda duka biyun sun faru ne bayan 1957.

'Ya'yan marigayi sun fito da kayan saƙarsa na ɗauki hoto. Mota da goro 5,200.

Litinin, 17 Fabrairu

Na miƙa babi na ɗaya da na biyu. Malam ya dawo da na ɗaya da jan biro a kusan kowane shafi, yawanci a kan inda na faɗi magana ban nuna tushenta ba. Ya ce hujjar baka daga ƙauye ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ƙasar Zazzau duka ba, ko dai in ƙara wani gari ko in rage da'awar. Zan yi duka biyun: taken zai koma arewacin Zazzau, kuma zan nemi masu kaɗi a ɓangaren Maƙarfi ta hannun wata 'yar ajinmu da ta fito daga can.

Saura naira 9,000 a hannuna. Buga kundin da ɗaure shi kwafi huɗu zai kai 30,000 a yadda ake yi yanzu, don haka zan ƙara saro kayan turare kafin azumi, lokacin ne ya fi tafiya. Maƙarfi ranar Asabar mai zuwa in Allah ya yarda, domin idan azumi ya kama ba zan wahalar da tsofaffi da doguwar hira ba. Babi na uku, na haraji da irin Allen, a cikin azumin zan rubuta shi, in miƙa bayan Sallah.